Magini da Farin Dutsen Mai Gari

A can wani zamani, a wani gari da rafi ya raba biyu, an yi wani magini wai shi Jatau. Aka ba shi aikin gadar dutse, don duk damina sai rafin ya ci mutum.

Kowane dutse aka kawo, Jatau sai ya ƙwanƙwasa shi da guduma, ya kasa kunne. In ya ji lafiyayye ne, ya ɗora. In ya ji da tsaga, ya ture gefe.

Saura dutsen tsakiya, sai mai gari ya aiko da wani fari tas, wanda ƙarti goma suka kwana uku suna gangaro da shi daga tsauni. Jatau ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne, ya ture gefe.

Mai gari ya zo da kansa, ya ce, "Jatau, me dutsena ya yi maka?"

"Ranka ya daɗe, da tsaga a cikinsa."

"Ni ban ga tsaga ba. Ka ɗora, ko in ba wani aikin."

Jatau ya tuna iyalinsa. Can ya ce, "To, zan ɗora. Amma ranar kasuwa, in jakuna za su haye da kaya, ni da kai za mu zauna a ƙarƙashi."

Mai gari ya dubi dutsen, ya dubi ƙarƙashin gadar. Ya karɓi gudumar, ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne. Sannan ya juya ga ƙartin nan goma, ya ce, "Ku koma tsauni."