Kallabin Gyara

Ranar Litinin da hantsi wata dattijuwa ta shigo komisariya, wato ofishin 'yan sanda, rungume da ƙunshi, ta dire shi a kan teburin Insfekta Lassane, ta ce an cuce ta.

Lassane mutumin Mosi ne, amma a unguwar Zango ta Wagadugu ya yi wayo, Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yan unguwar na yanzu. Ya san matar. Hajiya Habiba ce, wadda shagonta na yadi ya ƙone ƙurmus a gobarar babbar kasuwar Rood Woko. Bayan mijinta ya rasu kuma ciwon gwiwa ya zaunar da ita, 'yarta ta buɗe mata asusu a wani shafin gwanjo na intanet. Shekara shida tana sa kaya daga ɗakinta, jama'a su yi ta tayi, wanda ya fi tsoka ya ɗauka. Da wannan take ci da sha.

Ta ce wani mai suna Awwal ya ci gwanjon shadda yadi goma, mai tsada. Ta aika masa. Bayan kwana biyu ya kai ƙara shafin cewa jabu ta turo, ya dawo da wannan ƙunshin. Shafin ya mayar masa da kuɗinsa, ya rufe asusunta, ya manna wa sunanta jan tambari na mayaudara.

"Kin ɗauki hoton kayan kafin ki rufe?" in ji Lassane.

"A'a."

"Bidiyo fa? Ko takardar da mai karɓa ya sa hannu?"

"Ɗana, ubana ya yi shekara arba'in yana tura goro har Kano, bai taɓa sa mutum dangwala hannu ba."

Lassane ya ajiye biro. Zuciyarsa ta riga ta gaya masa yadda wannan magana za ta ƙare, kuma bai ji daɗi ba.

Ya kwance ƙunshin. Shadda ce ta banza, an dama mata sitati an buge ta har tana ƙyalli, irin wadda wanki ɗaya zai tona wa asiri. Habiba ko taɓa ta ba ta yi ba. Ta leƙa cikin ledar, ta ce ko gyaran ma bai dawo da shi ba.

Ya tambaye ta wane gyara. Ta ce ita ba ta taɓa rufe kaya ba tare da ta ɗora wani abu a kai ba, kamar yadda mahaifinta ke ƙara goro biyu uku bayan an gama ciniki. A wannan ƙunshin kallabi ta sa, shuɗi mai zanen tantabaru, daga turmi ɗaya tak da ya tsira daga gobarar saboda ranar yana gida. An daina buga irinsa tuntuni. Ba ta rubuta shi a shafin ba, don ba a tallar gyara.

Lassane ya rubuta wa shafin wasiƙa da hatimin 'yan sanda, sannan ya hau babur ya nemo Safwan, magidancin da ke kai mata kaya. Safwan ya ce ranar Laraba da la'asar a unguwar Dapoya ya miƙa ƙunshin, bakin wani kantin sayar da kati, ga wani mutum sanye da hular kwano da takunkumi. Bai ga fuskarsa ba. Amma abu ɗaya ya tsaya masa a rai: mutumin bai buɗe ba, bai ko latsa ba, ya jefa ƙunshin a kwandon babur ya tafi. Wanda ya sayi shadda mai wannan tsada a hannun baƙo ba ya haka, sai in ya riga ya san abin da ke ciki.

Lambar wayar Awwal kuwa da katin shaidar wani tsoho aka yi mata rajista, wanda ya rasu shekara uku da suka wuce.

Lassane ya koma gidan Habiba ya tambaye ta wa ya ga shaddar kafin ta sa ta a gwanjo. Ta ce mutum ɗaya ne, Alhaji Labaran, ɗan kasuwa daga Kano. Mijinta ne ya sauke shi lokacin da ya fara zuwa Wagadugu, ya ba shi ɗaki, ya nuna masa kasuwa. Labaran ne ma ya ce mata kada ta wahalar da kanta da hotuna, nata masu sayen sun san ta. Ta ƙara da cewa kada ya ɓata lokacinsa a kan Labaran, ɗan gida ne.

Lassane bai yi mata musu ba, ya wuce shagon Labaran a Rood Woko.

Labaran ya tarbe shi da fara'a har da aika a sayo lemo. Ya ce abin da ya sami Hajiya ya hana shi barci. Ya ce shi wannan harka ta waya ba ya gane kanta, ko saƙo sai an karanta masa.

"Ina ka je ranar Laraba da la'asar?"

"Ina nan shago, ranka ya daɗe. Tambayi kowa."

Suna cikin magana wata waya da ke ƙarƙashin kantar shagon ta yi wani ɗan kiɗa. Lassane ya san sautin, don ya ji shi a wayar Habiba: haka shafin ke yi idan an yi tayi. Labaran ya yi tari ya ɗora ƙafa a kan wayar. Lassane ya shanye lemonsa ya yi sallama. Da ya bincika, ya iske Labaran na da nasa asusun a shafin shekara biyu, tauraro biyu da rabi, kayansa na kwana ba mai tayawa. Tun da aka rufe na Habiba kasuwarsa ta buɗe.

Wannan zato ne kawai, ba ya ɗaure mutum. Kwana huɗu Lassane na zagaye bai ƙara komai ba. Ran nan amsar shafin ta iso wayarsa. Ya karanta sau biyu, ya mayar aljihu, bai gaya wa kowa ba.

Ranar Asabar aka yi suna a layin su Habiba. Lassane ya biyo da safe don ya duba ta, ya tarar da mata cike da ƙofar gida. A tsakiyarsu ga Talatu, matar Labaran, tana rabon goro, kanta ɗaure da shuɗin kallabi mai tantabaru.

Ya gaishe ta, ya yaba ɗaurin, ya tambayi inda ta samu. Baiwar Allah ta yi murmushi ta ce Alhaji ne ya kawo mata tsaraba ranar Laraba ta sama.

Habiba na zaune a kan tabarma, taku uku daga wurin. Ta ɗaga kai ta kalli kallabin, ta daɗe tana kallo. Ba ta yi kuka ba, amma kofin kokon da ke hannunta ya karkace har ya zube mata a zane.

Aka kira Labaran daga rumfar maza. Da farko ya ce a Kano ya saya. Lassane ya ce to su je gida su duba akwatinsa tare, da wayar da ke kiɗa. Sai ya zauna a kan benci.

"Ni ne," ya ce ƙasa-ƙasa. "Duk wanda ya shiga shafin wajenta yake zuwa. Na ce in an rufe nata wata ɗaya ko biyu zan ɗan samu. Wallahi ban zaci za su rufe gaba ɗaya ba."

Shaddar kuwa tuni ya kai wa tela, an yanka ta.

Lassane ya sa masa ankwa, ya kira abokan aikinsa biyu, suka zo suka tura shi bayan mota.

Habiba ta dafa bango ta miƙe, ta matso kusa da Lassane. "Yanzu tunda ya amsa, za su buɗe mini?"

Lassane ya so ya ce in sha Allah ya wuce, amma ya kasa yi mata ƙarya. Ya fito da wayar ya fassara mata amsar. Ba su da ofis a Burkina. Tunda mai sayarwa ba ta da hoto ko shaidar isar kaya, hukuncin ya tabbata, kuma ko me aka kawo daga baya ba za a sake duba shi ba. Ƙasan wasiƙar ko sunan mutum babu. Ya ce zai sake rubutawa, amma ita da shi duka sun san babu mai karantawa.

Talatu ta kwance kallabin tana kuka, ta durƙusa ta miƙa mata da hannu biyu.

Habiba ta dubi kallabin, ta mayar mata da hannun a hankali. "Rufe kanki, 'yar nan. A gidanmu ba a karɓar gyara in an bayar."

Ta juya ta nufi ɗakinta tana jan ƙafa, motar kuma ta tashi da Labaran.