Direban da Ke Cikin Tanka

Da safiyar Laraba, bayan ya sha maganin hawan jini, Alhaji Abdulrashid ya miƙa hannu kan kantar falonsa a unguwar Morrisania da ke Bronx ya ɗauki 'yar tankar yaƙinsa ta wasan yara, kamar yadda ya saba. Ya jinjina ta, ya ajiye.

"Wannan ba tawa ba ce," ya ce.

Yanar ido ta cinye masa rabin gani, amma hannunsa lafiya lau. Tsohon ma'aikacin ofishin jakadanci ne, wanda ya ƙare aikinsa yana rubuta jawabai kan zaman lafiya, da yamma kuma ya dawo gida ya jera motocin yaƙi na wasan yara. Tankar ce ta farko da ya saya, a shekarun 1980. Masu tara irin waɗannan kaya suna farautarta kamar zinariya.

Kafin azahar ɗansa Jamal ya kira 'yan sanda, ya kuma kira kamfanin masu jinya ya ce Fusena, matar da ke kula da mahaifinsa, ɓarauniya ce. Kamfanin ya ce idan zargin ya tabbata za a soke sunanta, ba za ta sake jinya a birnin ba.

Jami'ar binciken da aka turo sunanta Rafia, haihuwar Bronx, iyayenta 'yan Kano. Ta tarar da Fusena zaune a kicin, jakarta a cinya, takalminta a ƙafa.

"An ce in ba da makulli in tafi," in ji Fusena. "Ba na tafiya. Daga Kumasi na zo nan da ƙafafuna, ba yaron da na gani jiya ba ne zai kore ni da waya."

"Zauna, Anti, ba wanda ya ce ki tashi," in ji Rafia. Ta koma falo.

"Baba, ta yaya ka san an musanya?"

Alhaji ya gyara zama. An yi masa tambayar da ya daɗe yana jira wani ya yi.

"Ɗauke ta ki ji. Kamar kwalin biskit. Tawa tana da nauyi, noti na ƙarfe ne ya haɗa ta, har ya yi tsatsa. Wannan maƙala ta aka yi. Sarƙar ƙafar tawa roba ce ta gaske, tana juyawa. Wannan zane ne kawai, ƙananan tayoyi ne a ɓoye a ƙasa. Tawa ta koɗe ta koma kalar kuka. Wannan kuwa sheƙi take kamar motar amarya. Danna nan."

Rafia ta danna. Tankar ta yi ƙarar harbi, wata jar fitila ta haska.

"Kin ji? A zamaninmu yaro ne yake yin ƙarar da bakinsa. Yanzu har wannan ma an karɓe masa."

Rafia ta duba kantar. Jif-jif, babbar mota mai rufin tanti, jirgi mai saukar ungulu. Motoci ne zalla.

"Ina sojojin da suke zuwa da su?"

"Na zubar. Tun rasuwar Umma, matata. Kar ki tambaye ni."

Ba ta tambaya ba. Ta ɗaga murfin saman tankar, ya buɗe da sauƙi. A ciki akwai ɗan sojan roba, direba, a zaune. Ta zaro shi ta duba a gefen taga. Kayansa sabbi fil, amma fuskarsa a narke, an lafe ta da abu mai zafi. Ta sa shi a aljihu.

Mutum uku ne ke da makullin gidan. Ta fara da Fusena.

"Kina goge kantar?"

"Kullum Asabar. Daga waje. Ya ce kar in buɗe komai, ban buɗe ba."

"Kin san Hajiya Umma?"

"Allah ya ji ƙanta, ban same ta ba. Bayan ta rasu aka kawo ni."

"Kin taɓa ganin sojan roba a gidan nan?"

"Soja? Ei! Motoci dai nake gani, su ma sun ishe ni ƙura."

Na biyu Idrissa ne, abokin Alhaji ɗan Nijar, mai tasi a filin jirgin sama na JFK. Ya zo yana huci, don an raba shi da layin fasinja.

"Madame, na so tankar nan, ban musa ba. Na taya ta ya fi a ƙirga, ya hana ni. Tare muka saye ta a wani kanti a Fordham Road."

"Me ke cikinta?"

Idrissa ya leƙa ƙofa, ya rage murya, kamar marigayiyar na iya ji.

"Direba. Hajiya, kin gane, ba ta yarda da gunki a ɗakin da ake salla ba. Suka yi yarjejeniya: motoci su zauna, amma duk sojan da ya shigo sai ta ɗora cokali kan gawayin turare ta shafe masa fuska. Wannan ɗaya ne ya tsira. Alhaji ya jefa shi ciki, na riƙe masa murfin ya manne da gam, ya ce mata a haka ta zo daga kamfani. Voilà, shi ke nan."

"Wa ya san da wannan?"

"Ni da shi da Allah."

Jamal ya zo daga baya, da kwat da makullin mota a hannu. Rafia ta yi masa Hausa, yana amsawa rabi da Turanci.

"Daddy bai kamata ya zauna shi kaɗai da baƙuwa ba. Na sha faɗa. Akwai gidan tsofaffi mai kyau a Queens."

"Ka san tankar?"

"Tun ina yaro. Ba a bari in taɓa."

"Akwai wani abu a ciki?"

"Direba. Ana jin motsinsa in an girgiza."

"Yaya kamanninsa?"

Jamal ya ɗaga kafaɗa. "Kamar sauran. Ba fuska. Mommy ba ta bar ko ɗaya ba."

Rafia ta tara su a falo. Ta ajiye ɗan sojan a tafin hannun Alhaji. Ya shafa kansa da babban yatsa, ya daɗe yana shafawa.

"Wanda ya yi musayar nan mai hankali ne," in ji Rafia. "Ya sayi sabuwar fitowa, wadda ake samu a kowane kanti. Ya san murfinta na buɗuwa, ya ji tsoron a leƙa, sai ya gyara direban ya yi daidai da na asali. Matsalarsa ita ce bai taɓa ganin na asalin ba. Bai kuma yi gangancin buɗe tsohuwar ba, don in murfin ya karye mai saye zai gudu. Anti Fusena ba ta san ana ƙona fuska a gidan nan ba, da ita ce da ta bar shi yadda ya zo. Malam Idrissa ya san na ciki fuskarsa lafiya lau, da shi ne da bai taɓa shi ba. Sai wanda ya girma yana kallon cokali kan gawayi ne zai yi wannan wahalar."

Duk suka juya suka dubi Jamal.

"Tana ina?" in ji Alhaji.

"Daddy, roba ce fa. Kana zaune kana gadin roba..."

"Tana ina, Jamal?"

Tana cikin but ɗin motarsa, naɗe cikin tawul. Mai saye na jiransa ranar Asabar. Idrissa ne ya raka shi ya ɗauko.

Rafia ta ce Alhaji ne zai yanke ko a shigar da ƙara. Ya ce zai yi tunani, amma tukuna Jamal ya kira kamfanin a gabansa ya janye maganarsa.

"Ka ƙara murya," in ji Fusena daga ƙofar kicin. "Da ka ce ɓarauniya har maƙwabta sun ji."

Ya ƙara.

Alhaji ya karɓi tankarsa, ya jinjina ta, ya gyaɗa kai. Sannan ya ce a ba shi wuƙar kicin.

"Alhaji, za ka kashe mata daraja!" in ji Idrissa.

Ya soka bakin wuƙar a ƙarƙashin murfin ya murɗa. Tsohuwar roba ta yi ƙas, murfin ya rabe biyu. Ya zazzage direban a hannunsa. Hanci, ido, har da ɗan gashin baki, duk suna nan.

"Yanzu ba mai saye," ya ce. "Fusena kuma tana nan, ba mai dalilin kai ni gidan tsofaffi a Queens."

Ya miƙa wa Fusena ɗan sojan. "Ɗora shi a sama, inda kowa zai gan shi."

Ta ɗora shi, ta dube shi, ta dubi dardumar sallar da ke shimfiɗe a gefe. Sai ta juya shi ya fuskanci bango.

"Hajiya ba ta nan," ta ce, "amma ni ina nan."