Irin Gero a Kan Keken Ja'afaru

"Shigo ciki, Zuliha. Ruwan nan zai sa miki zazzaɓi."

"Ina zuwa, Inna."

Ba ta zo ba. Tana tsaye a bakin zaure, feshi na dukan fuskarta, idonta na kan hanyar Minjibir wadda ta koma kamar kunun kanwa. Ƙarar ƙararrawar keke kawai take son ji, amma babu abin da ke shiga kunnenta sai zubar indararo.

Shekarun fari ne, irin waɗanda mutum ke cin abin da ya rantse ba zai taɓa ba. Damin irin gero da Baba Dallatu ya ɓoye a ƙuryar rumbu, Inna ce ta sussuke shi da hannunta tana hawaye, aka dama kunu. Yanzu ga ruwan shuka ya sauka, maƙwabta sun fita da ƙorai, shi kuwa Baba ya je ya tsaya a tsakiyar gonarsa hannu biyu a baya.

Wannan tsayuwar ce ta karya zuciyar Zuliha.

Tun da ta gama takaba mutum biyu ke nemanta. Akwai Lawan, ɗan mai sayen hatsi a Dawanau, mai babur da ɗaki cike da buhuna. Akwai kuma Ja'afaru ɗan koli, maraya, wanda duk duniya ba shi da komai sai keke ɗaya da yake bin ƙauyuka da shi yana sayar da allura da sabulu da ashana.

"Ke ba yarinya ba ce, ba zan zaɓa miki ba," in ji Baba. "Amma keke ba gona ba ne. Ranar da ƙarfe ya karye, me za ku ci?"

Ita dai Ja'afaru take so, har cikin ranta. Tana son yadda yake ninke buhu ya kifa a ka in hadari ya haɗo. Tana son tsinken da yake sokewa a ƙarƙashin sirdi don ƙwaƙule taɓon da ke cushewa tsakanin taya da madigadi, da robar da yake ɗaure ƙafar wandonsa da ita don kada sarƙa ta ci masa. In ta tsokane shi ta ce ya yi kama da zakaran da ya faɗa randa, sai ya yi dariya ya ce, "Birki ba ya ci a ruwa, Zuli. Da diddige nake tsayawa, amma ƙofarku ban taɓa wuce ta ba."

Shi ya ce kawunsa da ke bayan Minjibir yana da ragowar iri, zai je ya roƙo. Ita kuma da bakinta ta faɗa wa Baba, in laima ta fara bushewa bai dawo ba, za ta amsa wa Lawan a karɓi iri a wurinsa. Ba wanda ya sa ta. Yunwar baɗi ta hango.

Ƙarar babur ce ta katse mata tunani. Lawan ya sauko cikin rigar ruwa, ya shigo zaure yana kakkaɓe hula.

"Har yanzu jira ake, gimbiya?"

Ta kau da kai.

"Ni dai ban so na faɗa ba... Na gan shi a tashar Minjibir, ana ɗora kekensa a saman motar birni. Wa zai zauna a ƙauye a wannan marra?"

"Ƙarya kake yi, Lawan."

"To, Allah Ya sa. Buhuna na nan dai, kalma ɗaya nake jira."

Da ya tafi sai ta zauna a kan dakali. Ta ce ƙarya ne, amma samari nawa suka tafi birni a shekarun nan ba sallama? Ba ta da inda za ta je ta tambaya, ba ta da abin da za ta yi. Ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka mai isarta.

Bayan azahar ruwa ya ɗan tsagaita, ya koma yayyafi. Can nesa ta hango wani yana tafe a ƙasa, yana tangaɗi, da ƙullin kaya a ka. Ba riga a jikinsa. Sai da ya matso ta gane tafiyar.

"Mai keke..." Ta tare shi a bakin zaure. "Ina keken?"

Ya sauke kayan a zaure a hankali kamar mai ajiye jariri. Da ledar kolinsa ya naɗe buhun, ya ƙara da rigarsa, ya ɗaure da wata roba. Leɓɓansa sun yi fari, haƙoransa na haɗuwa.

"Kira Baba tukuna, sanyin idona."

Baba ya fito, Inna na leƙe ta bayan asabari. Ja'afaru ya durƙusa.

"Baba, a gafarce ni, na makara. Taɓo ya riƙe tayoyin, in tuƙa kaɗan in sauka in ƙwaƙule, har tsinken ya karye. Da na iso rafi na tarar ya kawo. Na ɗora iri a ka, na rataya keke a kafaɗa na shiga. A tsakiya ruwa ya fi ƙarfina... Dole sai na saki ɗaya."



"Ba ka hau motar birni ba?" Zuliha ta tambaya a hankali.

"Wace mota?"

Baba ya kwance buhun ya tura hannu ciki. Ya daɗe yana murza geron a tafinsa.

"Ruwa ya shige shi ta gefe. Ya kumbura, wani har ya fara tsaga baki. In ya kwana a buhu ya lalace." Ya ɗaga ido ya dubi saurayin. "Yanzu da me za ka ci abinci, yaro?"

"Ban sani ba, Baba."

Zuliha ta dubi Ja'afaru. Abin da Baba ya faɗa ne ya faru, ƙarfen ya tafi, kuma saboda ita ya tafi. Ta sunkuyar da kai tana jiran a sallame shi da godiya.

Baba ya shiga gida. Da ya fito, sungumi ne a hannunsa, wanda ya gada wurin mahaifinsa, wanda ko maƙwabci bai taɓa ba aro ba.

"Ka taɓa saran shuka?"

"Tun ina ƙarami rabona da shi."

"Za ka tuna. Gonar nan ta fi ƙarfina ni kaɗai." Ya miƙa masa, sannan ya juya wajen Inna. "Hure, ba shi tsohuwar rigata. Ke kuma Zuliha, ɗauko ƙwarya, ki zuba masa iri."

Cikin yayyafi suka fita. Ja'afaru na gaba yana sara, layinsa a karkace kamar sawun kekensa a taɓo, Baba na ta gyara masa da faɗa. Zuliha na biye, ta jefa iri ta rufe da diddige. Ba wanda ya san ko ruwa zai ɗore bana, ba wanda ya san me za a ci kafin kaka.

Da ta sunkuya sai idonta ya sauka a kan ƙafarsa ta dama. Har yanzu robar tana nan ɗaure da wandon, don kada sarƙa ta ci.

Hawaye ya zubo mata cikin ƙwaryar. Ba ta ce ya kwance ba, ta dai ci gaba da binsa.