Kofin Mai Shatin Babban Yatsa

Tun da aka kafa ƙauyen nan ba a taɓa cutar wani mahaluki kamar yadda aka cuce ni ba. Ni Alois, mai gashin bakin da mata ke waiwaye su ƙara kallo, yau a bakin ƙofa nake zama a mashayar Gwaggo Resi, iska na dukan ƙeyata.

A teburinmu na 'yan kullum, kujerar gefen murhu ta wanda ya fi kowa sanin tsofaffin kofunan giya ce. Tawa ce tun kaina yana baƙi. Kwatsam sai ga Korbinian, mai gyaran keke, da wani kofi da ya tsinta a rufin gidan da ya saya. Farin tangaram, murfin kuza, an zana masa da hannu mutane kewaye da teburi, launin kamar jiya aka shafa. Kowa ya miƙa wuya. Sabuwar hulata ko kallo ba ta samu ba.

"To malamin kofuna," in ji Korbinian, "aikin wa ke nan?"

"Tarkacen 'yan yawon buɗe ido. A tashar jirgi ake zuba irinsa."

"Tsoho, idonka har ya yi ja. Gane shi kafin Juma'a, ka riƙe kujerarka. In ka kasa, ka tashi mini."

Bai bari ko taɓawa na yi ba. Ya kai shi kantar ɗakin ƙasa, inda kowannenmu ke ajiye kofinsa, ya datse da kwaɗo.

Ranar Alhamis da almuru, kafin jama'a su taru, na ce wa Gwaggo Resi zan sauka in wanke kofina. Kwaɗon Korbinian kuwa tsinken goge lofe ma ya ishe shi.

Ɗakin na warin danshi da tsamin ganga. Taga ɗaya ce, 'yar ƙarama, daidai ƙafafun masu wucewa, haskenta na ƙarewa. Daga sama ina jin mai yana ƙara a kasko, ƙamshin albasa na saukowa.

Na kifa kofin. Babu tambarin masana'anta. Babu lambar ƙira. Ko layin awo da ake ja kusa da baki babu. Sai shatin babban yatsa guda, an danna shi tun yumɓun yana ɗanye, ƙarƙashinsa haruffa biyu da shuɗin fenti: V.H.

Na san su. An sassaƙa su a gefen teburinmu, daidai inda nake ɗora gwiwar hannu. Veit Hollerer ne, mai zanen da kakana ke ba da labarinsa, wanda ya ƙera wa kansa kofi ɗaya tak, ya mutu a kujerar murhu yana jiran a cika masa.

Daɗi ya kama ni, haushi ya danne shi. Abu irin wannan a hannun mai faci.

Saura tambarin maƙeri a cikin murfi. Na danna, ya buɗe. Na ajiye kofin bisa ganga ina laluben tabarauna.

A wurinmu ko baƙo ya san ba a barin murfi a buɗe. Buɗaɗɗen murfi kira ne: mai kofi na zaune, a zo a cika masa.

Ƙarar kasko ta ɗauke.

Sai tsiyaya, a hankali, a cikin kofin. Ba wanda ke zubawa.

Kumfa ta taso har baki.

Warin ɗanyen fenti ya cika ɗakin.

Giyar ta soma sauka. Ina jin maƙogwaro na haɗiya, ƙut, ƙut, dab da kunnena.

"Kai ne kake zama a kaina?"

Raɗa ce, mai sanyi kamar ta fito daga rijiya.

"Ranka ya daɗe, ban san..."

"Ga nauyi. Ga surutu. Ɗaga kofin ka duba."

Irin kofunan nan akan ɓoye hoto a gindinsu, ba ya fitowa sai an shanye an ɗaga wa haske. Na ɗaga wa taga.

Kujerar murhu ce. Wani ramammen tsoho a zaune. A cinyarsa wani mai tumbi da gashin baki.

Gashin bakina.

Tsohon cikin hoton ya zagayo da hannuwansa.

Na ji su a haƙarƙarina.

Ya matse.

Numfashi ya ƙi fita.

Babban yatsana ya lalubo murfin.

Ƙwas, ya rufe. Hannuwan suka sake ni.

Kasko ya ci gaba da ƙara a sama. Da rarrafe na hau matakala. Gwaggo Resi ta dube ni sama da ƙasa, ta tsaya a wandona.

"Wa ya bar murfi a buɗe?"

"Iska ce, Gwaggo."

"A ɗakin ƙasa," ta ce, ta koma kan albasarta.

Ranar Juma'a na tsaya a ƙafafuna na zayyano musu komai: shatin yatsa, shuɗin fenti, sunan mai zane. Aka buga teburi, aka ce kujera tawa ce har abada. Na gyara gashin baki, na juya zan zauna. Kafin in kai katako na ji gwiwoyi biyu masu ƙashi, sanyi ƙalau, suna jirana.

Na miƙe.

"Korbinian, zo ka zauna. Zafin murhun nan na sa mini ciwon kai."

Ya zauna. Na koma bakin ƙofa na zuba ido, ina jiran in ga fuskarsa ta yi shuɗi. Har yau ina jira. Cewa yake bai taɓa samun kujera mai laushinta ba. Wani lokaci yakan ɗaga kofin shi kaɗai, sai a ji ƙyas, kamar an gwara masa wani a iska.

Gwaggo Resi ta ce hannuna ne ya buɗe kwaɗo, shi ya buɗe murfi. To, na ji. Amma ni na gane mutumin nan da yatsa ɗaya, ya saka mini da karya haƙarƙari. Korbinian da har gobe a juye yake karanta haruffan, da shi ake gaisawa.