Jan Zanen Umma

"Ki zaɓa, Auta! Ko ni, ko jirgin nan!"

Haka Likita ya faɗa a tsakiyar falonmu, a gaban Abba da Umma. Mutumin da in ya zo gaishe su tun daga bakin ƙofa yake durƙusawa, yau shi ne ke ɗaga murya har jijiyar wuyansa ta fito.

Likitan haƙori ne, kuma shi zan aura. Ni kuwa ina makarantar koyon tuƙin jirgin sojan sama, ɗan hutu na zo gida. Kwanan baya jirgin wani ɗan ajinmu ya samu matsala wajen sauka, ya karye a ƙafa, Allah ya sa da sauran shan ruwansa. Tun da Likita ya ji labarin hankalinsa ya ƙi kwanciya.

"Zaɓi kuma?" na ce. "Da kakin nan ka gan ni ka ce kana so!"

"A ƙasa na gan ki, zuciyata, ba a sama ba!"

"To a ina ka zaci matuƙin jirgi yake aiki? A kicin?"

Ya bar ni, ya juya wajen Abba, ya sassauta murya. "Abba, don Allah ku sa baki. Ku kaɗai take jin maganarku. Ta nemi aikin ofis ko a cikin sojan ne, ni na yarda..."

Abba ya cire gilashinsa ya goge da bakin riga, a hankali, kamar ba shi ake jira ba. Malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Lokacin da nake shirin gwajin shiga soja, shi ke bin bayana a kan tsohon babur ɗinsa kullum da safe, ina gudu yana danna min oda, 'yan unguwa suna dariya.

"Ɗana," ya ce, "ni na raka yarinyar nan har bakin get ɗin makarantar sojan, ni na ɗaukar mata jaka. Yanzu kuma in ce ta dawo? Da wane bakin?"

"Amma Abba, in wani abu ya same ta fa?"

"Ranka ya daɗe, ko a kan kujerarka ta cire haƙori ai mutum na iya tafiya."

Na so in yi dariya, amma da na ga idon Likita ya kaɗa ya yi ja, sai tausayinsa ya kama ni. Ina son bawan Allahn nan, so mai tsanani, abin da ya fi ci min rai ke nan.

Ana cikin haka sai ga ƙarar jirgi daga nesa. Umma ta miƙe zumbur. Ta figi jan zanen da ke rataye a bayan ƙofa, ta nufi matakalar bene tana dafa gwiwarta mai ciwo.

Tun ranar da na tafi makaranta take wannan abu. Da ta ji jirgi sai ta hau sama inda muke shanya, ta shimfiɗa jan zanen nan, ta danne gefunansa da duwatsu, wai don in na leƙo in gane gida. Ni da Abba mun san makarantarmu na can wata uwa duniya, ban taɓa bi ta saman garinmu ba. Ba wanda ya taɓa gaya mata.

Muka bi ta dukkanmu. Tana haki tana warware zanen, Likita ya kasa daurewa.

"Umma, ku daina wahalar da kanku! Jirgin fasinja ne fa! Auta ga ta nan tsaye, kuma ko tana can ba ta taɓa wucewa ta nan ba, ko sau ɗaya! Dubi yadda aikin nan ya mayar da ku!"

Umma ta ɗago ta dube ni.

"Auta, gaskiya ne? Ba ki taɓa gani ba?"

Na sunkuyar da kai. "Ban taɓa ba, Umma..."

Na zaci za ta naɗe zanen ta sauka. Sai kawai ta durƙusa a kan gwiwar nan tata, ta shimfiɗa shi tsaf, ta bi kowace kusurwa ta ɗora dutse.

"To ai shi ke nan," ta ce. "Wanda ke tuƙa wancan ma ɗan wata ne, ya gani. Wata rana kuma tawa ce za ta wuce."

Sannan ta juyo kan Likita.

"Kai kana ganin kai kaɗai ke jin tsoro? Ni na haife ta! Tsoron da ke cikina in na juye maka shi, wallahi ba za ka iya tashi ba. Amma ban haifi yarinya don in jera ta a kabad kamar tangaran ba. In ba za ka iya tsayawa ka ɗaga kai tare da mu ba, matsa min, kana taka min zane."

Ya matsa kuwa da sauri. Ni kuma na zare zoben baikonmu daga yatsana, na damƙa masa.

"Ina sonka, Likita. Allah ya sani ina sonka. Amma ba zan sauko ba."

Ya tafi bai waiwayo ba. Na sha kuka a cinyar Umma har idona ya kumbura, washegari na ɗaure takalmina na koma makaranta.

Watanni suka shuɗe, ko gaisuwa babu. Na rame, na yi baƙi, amma ban taɓa kuskure a sama ba, don na rantse ba zan ba kowa damar cewa ai dama an faɗa.

Sai aka zo gwajin doguwar tafiya, wanda ɗalibi ke tashi shi kaɗai ya bi hanyar da aka zana masa. Da malaminmu ya buɗe taswira, na ƙura mata ido. Layin ya ratsa ta gefen garinmu. Na kira Abba na ce, "Gobe da hantsi, Abba. Ka gaya wa Umma wannan karon ni ce."

Na fara hango babban tankin ruwan unguwarmu, sai filin ƙwallo, sai layin da Abba ke kora ni da babur. Can sai ga shi, ɗan jan abu a saman bene. Hawaye ya cika min ido. Kusa da shi kuma akwai wani farin abu a shimfiɗe, ga mutum uku a tsaye, ɗaya yana tsalle kamar wanda ya taka wuta.

Na karkata fikafikan jirgin hagu da dama, irin gaisuwarmu ta matuƙa, na wuce.

Bayan na sauka na gama ba malaminmu bayani, na kunna waya. Kiran Likita ne ya fara shigowa.

"Kin gani?" Muryarsa duk ta dishe.

"Na ga zanen Umma. Farin nan fa, na mene ne?"

"Rigar aikina ce. Umma ta ce ba ta da zanen ba ni aro, in kawo nawa."

"Tsoron fa, Likita? Ya tafi?"

"Ina fa! Yana nan daram. Amma gara in ji shi a saman benen nan da in zauna a gida babu ke." Sannan ya ƙara da cewa, "Zobenki na cikin aljihun rigar, rabin raina. In kin samu hutu ki zo ki ɗauka... sai ki koma samanki."

Kafin in ba shi amsa na jiyo Umma daga bayansa tana faɗa. "Kai Likita, danne rigar nan da dutse mana! Iska za ta kwashe ta kafin Auta ta sake wucewa!"