Jiƙon da Jumare Ya Sha

Jumare makiyayi ya sha jiƙon saiwa da hantsi, kafin la'asar ya rasu a bukkarsa da ke gefen Gayam.

Sufeto Micah ya iso an riga an lulluɓe gawar. Mutane sun tsaya nesa-nesa, ba mai son a tambaye shi. Matar mamacin, Kadijatu, ta ce fura kaɗai ya sha.

Sufeto bai yi mata musu ba. Ya zagaya bayan bukka, ya tarar da ƙwarya a kife cikin ciyawa, cikinta ya rine rawaya. Ya sunsuna. Warin man zafi ya doki hancinsa.

"Wannan fa?"

Sai ta fashe da kuka. Ta ce saiwar tafashiya ce. Shekara da shekaru yana jiƙa ta saboda ciwon ciki, ba ta taɓa yi masa komai ba. A wurin Abarshi mai magani yake saya. Ta ɓoye ƙwaryar ne don kada a ce ita ta zuba masa wani abu.

"Ya yi ta amai, Yallaɓai, yana cewa cikinsa wuta."

A kasuwar Tsohon Birnin Gwari, Abarshi na zaune gaban buhun da ya baza saiwoyi. Ya rantse shi ya haƙo ta da kansa a bakin rafin cikin daji, inda mahaifinsa yake haƙa. Duk maganar nan hannayensa na cikin riga.

Sufeto ya bar shi ya nufi tashar 'yan acaɓa. Maliki, wanda ya saba kai Abarshi daji, ya waiwaya hagu da dama kafin ya buɗe baki. Ya ce tun damina bai kai shi ba. Tun da 'yan bindiga suka zauna a rafin, ba mai taka wurin.

Sufeto ya dawo, ya miƙa wa Abarshi hannu. Dole tsohon ya fito da nasa. Yatsun rawaya har ƙarƙashin farce.

Sufeto ya ɗauki saiwa ɗaya ya karya. Baya rawaya, ciki fari-fari, ga warin nan.

"Baba, tafashiya rawaya ce har ciki. Mece ce wannan?"

Abarshi ya sunkuyar da kai.

"Sanya ce."

Ya ce a bayan gari ya haƙo ta, ya rina da kurkum. Ya san sanya ta hayaƙi ce da shafawa, in za a sha sai ɗan abin da farce zai ɗauka. Ya kuma san masu tafashiya damƙi guda suke jefawa a ruwa. Kunya ce ta hana shi cewa shi, ɗan gidan masu magani, ya ji tsoron daji. Ya ɗauka yankan da ya yi ƙanana za su isa kariya.

Aka sa masa ankwa. A bakin mota Sufeto ya tambaye shi wa kuma ya saya.

Abarshi ya ce ɗauri ɗaya ne, jiya. Wata Muslimat, mai tsohon ciki, daga wata ruga ƙetaren rafin. Ta ce sai ta gama tafashiyar da ke hannunta za ta jiƙa wannan.

Rugar ba waya. Cikin 'yan sandan ba wanda ya san hanyarta. Maliki ya riga ya tuƙa babur ɗinsa ya ɓace.

"Baba, rai biyu ne. Za mu tafi da makamai. Hanya kawai za ka nuna mana."

Abarshi ya dubi inda bishiyoyi suka yi duhu bayan gonaki. Ya ɗaga hannayensa da ke cikin ankwa.

"Ku kai ni gidan yari. Dajin nan ba zan shiga ba."