Noti Huɗu a Jakar Ƙyalle

Ƙarfe tara na safe, rana ta riga ta yi zafi kamar azahar, ko ganye ba ya motsi, Insifeto Wagdi Shalabi ya tsai da motarsa a gidan tarihin jiragen sama da ke gefen hamada, gabas da Alƙahira. Da can filin jirgin soja ne. Yanzu ciyawa ta tsattsaga titin jirgin.

Shugabar wurin, Madam Nawal, ba ta jira gaisuwa ba.

"An sace agogon tsohon jirgin nan mai farfela. Gobe za mu karrama Usta Gaber, babban makanikin da ke kula da shi, har an buga sunansa a tagulla. Makullin rumfar jirgin yana hannunsa. In agogo bai fito ba, takardar kora zai karɓa."

Insifeto ya hau tsani ya leƙa mazaunin matuƙi. Gurbin agogo fayau, ko ƙwarzane babu. Gefensa ga wata 'yar jakar ƙyalle an ɗaure da siririyar waya, cikinta noti huɗu. Ya yi murmushi. Tun da ya shiga aiki bai taɓa ganin ɓarawon da ya adana wa masu kaya notinsu ba.

Usta Gaber na zaune ƙarƙashin fiffike, ya haɗa kai da gwiwa.

"Baba, jakar nan fa?"

"Ƙa'idarmu ce, ranka ya daɗe. Noti ɗaya ya faɗa cikin jirgi, rai ne. Kowa ya kwance sai ya ɗaure."

"Makulli fa?"

"Bai taɓa barin aljihuna ba."

"Har wurin alwala?"

Tsohon ya sosa ƙeya. "To, da la'asar nakan rataye shi a ɗakin shayi. Agogon nan kuwa, in ba a murza shi kowace safiya ba, tsayawa yake."

Insifeto ya miƙa masa guntuwar waya. Gaber ya murɗa ta tsaf, ta dama. Ta jikin jakar kuwa ta hagu aka murɗa.

"Wa ke murɗi ta hagu a nan?"

"Ban san kowa ba," in ji Gaber, idonsa a ƙasa.

A ɗakin shayi rediyo na ta kururuwa. Mai shayin, wani dogon tsoho da ake kira Mitwalli, ya turo kofi da gurasa da wake.

"Ci, yallaɓai. Ni da jirgi sai kallo, kamar 'yan makaranta."

Da hagu ya tsiyaya shayin. Mariƙin butar ya taɓa karyewa, an ɗaure shi da waya, murɗin hagu, kyakkyawa kamar kitso. A bango akwai hoton samari biyu ƙarƙashin fiffike, ɗayansu Mitwalli ne, an naɗe gefe ɗaya don kada a ga fuskar na biyun.

"Kashe rediyon nan, Baba."

"Labarai ake..."

Insifeto ya kashe da kansa. Ɗakin ya yi tsit, sai wani ɗan sauti, ƙyas, ƙyas, daga gwangwanin sukari. Ya buɗe. Ga agogo naɗe cikin hankici, yana nuna goma saura kwata daidai.

"Ka sace shi, kuma ka kasa barinsa ya tsaya."

Mitwalli ya zauna a hankali. Gaber ya riga ya iso bakin ƙofa.

"Shekara talatin da ɗaya ni da jirgin nan," Mitwalli ya ce. "Agogon nan ni na tayar da shi bayan kowa ya ce ya mutu. Hannuna ya fara rawa, aka ce je ka dafa shayi. Sai ga tagulla da sunan wannan!" Ya nuna Gaber da baki. "Kai da ka zo ba ka san gaban sufana da bayanta ba! So nake gobe a tsaya gaban jama'a, a ga rami a gurbin agogo."

"Da ka yi magana, Usta, da na ce su sa sunanka," in ji Gaber.

"Ka ce? Sadaka za ka ba ni, ɗan ƙauye?"

Insifeto ya kalli ankwar da ke ƙugunsa, ya kalli hannuwan Mitwalli da ke karkarwa, ya bar ta inda take.

"Mu je ofis, Baba."

Har an tada mota sai ga Gaber yana ɗingishi a kan tsohon titin jirgin. Ya zuro tabaran Mitwalli da ƙullin maganinsa na hawan jini ta taga, ya ajiye masa a cinya. Mitwalli ya zura su aljihu, ya kau da kai wajen hamada.